Motar Baba Turugu Ba Ta Tashi Sai da Turi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga Agusta 2025, cikin watan Safar, da hantsi, Allah ya karɓi ran ɗan'uwana kuma taubashina, Saje Abdulmutallib Audi, wanda duk unguwar Kilomita Biyar ta fi sani da Baba Turugu. Ya cika a ɗakinsa a unguwar Kokoro, nan Bangui, bayan jinyar 'yan makonni, yana da shekara saba'in da 'yan kai. An yi masa salla bayan Azahar a Masallacin Koudoukou, aka kai shi maƙabartar Boeing a cikin motar da shi kansa ya kai ɗaruruwan mutane da ita. Ya bar matarsa Hureira, da 'ya'ya uku, Muktar da Siddiq da Hafiza, da jikoki.

Wannan ita ce sanarwar da ta dace da kunnen jama'a. Abin da ya rage tsakanina da kai ne, bawana. Ni Zulaihat 'yar kawunka ce, kai ɗan gwaggona, kuma tun kafin a haife mu magabata suka yanke hukunci cewa ɗan mace bawan 'yar namiji ne. Ka girme ni, ka sa kaki, ka yi furfura, ka aurar da 'ya'ya, amma ban taɓa 'yanta ka ba, kai ma ba ka taɓa nema ba. Katanga ɗaya ce ta raba gidanka da nawa fiye da shekara arba'in. Yau na ɗauki alƙalami in yi maka tsiya yadda na saba.

Kakanmu ya iso Bangui daga Damagaram da fataucin goro da atamfa, tun Kilomita Biyar tana 'yan rumfuna a bakin hanya. Duk namijin da aka haifa a danginmu, kasuwa aka haifa wa. Shi ya sa ranar da ka ce soja za ka shiga, gwaggo ta wuni ba ta ɗora tukunya ba, mahaifinka Malam Audi kuma ya ce a zuriyarsa ba a taɓa yin wanda ya ƙame wa wani ƙato don a ba shi tuwo ba. Ni dai na san ba bindiga kake so ba. Ina gidan ranar da ka kwance keken ɗinkin gwaggo gaba ɗaya don ka ga abin da ke sa allura hawa da sauka, ka sha dukan da har ni na taya ka kuka. Manyan motocin bariki ne suka ja ka, Allah kuma ya dube ka aka tura ka garejin soja.

Shekara ashirin da wani abu ka yi a cikin kaki. Ka raka ayarin motoci zuwa Bouar, ka raka zuwa Birao da damina, lokacin da tafiyar ke cin makonni, mota ta nutse a laka a wuni ana haƙa. Duk sanda ka dawo, sai ka baje a kan tabarmar gwaggo ka ba mu labarin injin da ya yi gardama da yadda ka lallashe shi, mu kuwa labarin yaƙi muke jira. Idan yara suka matsa maka da tambayar mutum nawa ka harbe, sai ka ce, "Ni sojan sifana ne, abin da na kashe bai wuce sauro ba." Ka ajiye aiki da muƙamin saje, ka dawo gida da hular soja da akwatin kayan aiki da kunne ɗaya da ya rage ji. Mutanen unguwa suka laƙaba maka Turugu, wato soja da Sango, yaren ƙasar nan, sunan ya bi ka har kabari.

A gindin mangwaron ƙofar gidanka ka buɗe gareji, kai da Alhasan, abokin aikinka tun bariki. Mai mota da ya zo wurinka sai ya shirya amsa tambayoyi kafin a buɗe masa inji: ina za ka, wa za ka ɗauka, da yara a ciki ko babu. Kana yawan cewa mota ba ta mutuwa a gareji, a hanya take mutuwa. Na tuna wani ɗan kasuwa da ya kawo motarsa a duba masa mai, zai kai iyalinsa biki Boali, ka leƙa ka ga birkin ya cinye. Ka sa makullin a aljihu ka ce ba inda za ta je sai an sauya. Mutumin ya zage ka da Hausa, ya ƙara da Sango, ya rufe da Faransanci, har matan gidana suka leƙo ta ƙofa. Ka bar shi ya gaji, ka sauya birkin, ka miƙa masa makulli. Bai sake kawo maka mota ba har ka mutu, kai kuma ban taɓa jin ka ambaci maganar ba.

A cikin gida kuwa, wanda bai san ka ba ba zai yarda soja ne ba. Ba ka taɓa ɗaukar jariri da baƙin mai a hannu ba. Sai ka tsaya bakin randa ka dirje yatsunka da yashi da sabulu, yaro na miƙo hannu yana kuka, kana ce masa ya yi haƙuri. Kai ke zuwa bakin kogin Ubangi ka zaɓo wa Hureira kifi da kanka, don ka ce ita tausayin masu sayarwa take ji, su kuma ba sa jin nata. Ka kafa doka cewa a kan kwanon abinci Hausa za a yi. Yaran su amsa maka da "to, Baba," su juya su ci gaba da gardamarsu da Sango, kai ma idan ranka ya ɓaci da Sangon kake musu faɗa. Na sha gaya maka cewa mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi.

Sai maganar motar, wadda ita ce ta sa na zauna rubutun nan. Shekarar da ka bar aiki ka sayo wata tsohuwar Fijo a-kori-kura a gwanjo, ba taya, ba gilashi, kaji sun yi ƙwai a kujerar direba. Duk unguwa ta yi maka dariya, ni ce kan gaba. Ka yi ta haɗa ta guntu-guntu har ta tashi, ka shafa mata koren fenti, ka tafi wurin liman ka ce daga yau duk Musulmin da ya rasu a Kilomita Biyar, ga motar da za ta kai shi, fisabilillahi. Ba ta gudu, kai ma ba ka so ta yi, shi ya sa yaran unguwa suka sa mata suna Yeke-Yeke, sannu-sannu ke nan da Sango. Kowace safiya bayan sallar Asuba kana tayar da ita, ko an yi rasuwa ko ba a yi ba, don ka ce mutuwa ba ta aiko da ɗan aike.

Aibinta ɗaya ne. Ba ta tashi da makulli, sai da turi. Demarer ɗinta, ƙarfen nan da ke juya inji idan an murɗa makulli, ka ce ya lalace. Saboda haka kullum ka dawo daga masallaci sai ka tsaya a tsakar gida ka yi kiran suna irin na bariki. "Muktar." A ce, "Présent, Baba." "Siddiq." "Présent." "Hafiza." Ita kuwa sai an kira sau biyu, ta fito tana murtsuke ido. Kowa da gurbinsa a bayan motar: Muktar babba a hagu, Siddiq a dama, Hafiza a tsakiya. Kai kana turawa daga ƙofar direba, hannu ɗaya a sitiyari, Hureira na tsaye da buta tana cewa a yi a hankali. Daga gindin rumfar da take kwana zuwa ƙofar gida motar ke ɗaukar gudu, ka faɗa ciki, ka saki kuloci, ta yi tari ta kama. Sai ka zaga unguwa ka sayo burodi mai zafi. Idan ka dawo, guda ɗaya ya tsallako katangata, in ji muryarka kana cewa, "Ga harajin uwar gijiya." Fentin bayan motar ya goge a wuri uku, daidai inda tafukan 'ya'yanka ke sauka.

Shekara da shekaru ina maka gori a kan wannan. Bakaniken da ke gyara demarer ɗin duk direbobin Koudoukou ya kasa gyara nasa, lallai wanzami ba ya son jarfa. Na ce maka kana azabtar da 'ya'yan mutane da sanyin safiya, kana kuma hana ni komawa barci. Wata rana, yaran sun riga sun zama samari, na tare ka a ƙofa na ce yau sai ka gaya mini ranar gyara. Ka goge hannunka da tsumma, ka dube ni ka ce, "Uwar gijiyata, in na gyara ta, wa zai fito?" Na ce wannan ba amsa ba ce. Ka ce a bariki ka koyi cewa mutanen da ba sa tura abu ɗaya tare, ko suna kwana ɗaki ɗaya, ba su san juna ba. Ka ƙara da cewa Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, to a gidanka har da hannu. Na yi tsaki na shige gida, amma daga ranar na rage gorin.

Sai shekarar 2014 ta zo mana da yaƙin da ta zo da shi. Ba sai na ba mutanen Kilomita Biyar labarinta ba. Unguwa ta koma kurkuku, hanyar maƙabarta ta rufe, manyan motoci suka riƙa kwasar jama'a zuwa Chadi da Kamaru. Kwanakin nan ban gan ka a tsaye ba, kullum kana kwance ƙarƙashin wata babbar mota kai da Alhasan, don ka san duk motar da ta lalace a wannan hanya a wannan lokaci, ba gyara za a yi zancensa ba. Da kanka ka duba wadda za ta ɗauki Hureira da 'ya'yanka, ka duba ka sake dubawa, ka ɗora su. Suka roƙe ka ka hau, ka ce ana mutuwa a unguwa kullum, in ka tafi wa zai ɗauki gawa zuwa masallaci. Ni ma ban tafi ba, don marigayi maigidana ba ya iya tafiya a lokacin.

Washegarin tafiyarsu na idar da salla na zauna a kan darduma ina sauraron katanga. Babu kiran suna, babu takun ƙafafu, sai ƙarar sifana kaɗan-kaɗan. Kafin rana ta fito na ji an murɗa makulli, Yeke-Yeke ta tashi bugu ɗaya. Ashe demarer ɗin bai taɓa lalacewa ba. Kai ka cire shi da hannunka tun farko, ka naɗe shi a tsumma ka ɓoye a ƙasan akwatin kayan aiki. Duk shekarun nan ina maka gori ka gyara, ranar da ka gyara kuma na kifa kaina a kan darduma na yi kukan da ban yi ba ranar da aka ƙone rumfata a kasuwa. Da hantsi rabin burodi ya tsallako katanga.

Bayan shekara biyu abubuwa suka ɗan lafa, aka buɗe hanyar Boeing, ka kira iyalinka ka ce su dawo gida. Hureira ta dawo, Siddiq da Hafiza suka dawo. Muktar ya ce shi ba zai iya ba. A hanyar fita ya ga abin da har yau bai ba kowa labarinsa gaba ɗaya ba. Abokinsa na ƙuruciya da suka hau motar tare bai isa iyaka ba. Ya zauna a Kamaru, ya kama sana'a, ya yi aure, ya ce kai ne ya kamata ka bi shi can ka huta. A kan wannan suka yi waya da ƙanensa. Siddiq, da zafin kai irin na kawunansa, ya ce masa gudu ya yi masa daɗi. Muktar ya mayar masa cewa su zauna su yi ta turin motar gawa, tunda ubansu ya zaɓi matattu ya bar rayayyu. Magana zarar bunu ce. Daga ranar wa da ƙane ba su sake jin muryar juna ba.

Maganar ta iso kunnenka, har wanda ba ya ji sosai, amma ba ka taɓa riƙe Muktar da ita ba. Kana ce mini wanda ya ga abin da yaron nan ya gani, ba a yi masa hisabin kalma. Yana kiranka duk Juma'a, kuna hira, yana aiko maka da magani. Abin da ya ci maka rai shi ne 'ya'yanka maza biyu suna raye, ba sa gaisawa. Daren farko da Hureira ta dawo ta kwana a ɗakinta ka sake cire demarer, ka mayar da shi akwati. Da safe ka yi kiran suna yadda ka saba, ka fara da Muktar. Sai ka amsa wa kanka, "Muktar, en mission," kamar yadda ake cewa idan an tura soja aiki wani gari. Haka ka riƙa yi kowace safiya har ƙarshen ranka. Hafiza ta yi aure a unguwar Yakité, sai ranar Juma'a take zuwa turi. 'Ya'yan Siddiq suka taso suka kama tsakiya. Amma gurbin hagu ba ka yarda kowa ya sa hannu a wurin ba, har tsatsa ta fara cin inda fentin ya goge. Sau ɗaya ka gaya mini a fili, kana kallon wurin, cewa abin da kake roƙon Allah kafin ka tafi shi ne ka ga hannu shida na 'ya'yanka a bayan motar nan, ko sau ɗaya.

Da ciwon ƙirji ya kwantar da kai a tsakiyar daminar bana, Hafiza ta kira Muktar ta ce idan yana son ya same ka, ya taho. Ya taho. Amma a gidana ya sauka, don Siddiq da iyalinsa a gidanka suke. Ya riƙa leƙo ka idan ƙanensa ya fita, ya dawo kafin ya shigo. Na yi masa faɗa irin na uwa, na yi na taubashiyar uba, na ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Gwaggo, ban san ta inda zan fara ba." Na tsallaka na sami Siddiq, shi kuma ya ce babba ne ya kamata ya fara. Kowace safiya Muktar na zaune a tsakar gidana da kofin shayi, yana jin ana tura motar a bayan katanga, yana jin muryarka da ta dushe tana fitowa ta tagar ɗaki tana kiran sunansa, sannan ta amsa wa kanta. Ka gan su duka biyun kafin ka cika, ka sa wa kowa albarka, amma ba ka gan su tare ba. Wannan ya yi mini ciwo, bawana, kuma har yanzu yana yi.

Ranar Talatar an kwana ana ruwa, tsakar gidanka ta zama jar laka. Aka yi maka wanka, aka sa ka a likkafani, aka ɗora makara a bayan Yeke-Yeke. Gidan ya cika har titi. Akwai 'yan kasuwa, akwai direbobi, akwai wasu tsofaffin sojoji daga unguwar Fatima da suka zo da hulunansu, ba Musulmi ba ne amma sun tsaya har ƙarshe. Alhasan ya shiga ya kama sitiyari. Nan da nan samari suka yo ca a kan motar, kowa na neman ladan turi, da an bar su da ɗaukarta za su yi cak. Hureira na zaune a ɗaki cikin mata, ta riƙo gefen mayafina ta ce, "Yaya Zulaihat, ki gaya musu su bar wa 'ya'yansa." Na fita bakin ƙofa na faɗa. Liman ya dube ni, ya dubi motar, ya ce a ja da baya.

Siddiq ya kama dama. Hafiza ta fito daga cikin mata, ta ɗaure hijabinta a ƙugu ta kama tsakiya. Wani dattijo ya fara gunaguni, liman ya ce masa iyakarta ƙofar gida, kuma ubanta ne. Muktar yana tsaye a jikin katangata cikin farar shadda, hannayensa a harɗe, idonsa a ƙasa. Su biyun suka tura. Motar ta ɗan gusa, tayar baya ta faɗa laka, ta dawo inda take. Suka sake, ta sake dawowa. Ba wanda ya yi motsi a cikin ɗaruruwan mazan nan, don duk wanda ya zauna a Kokoro ya san gurbin wa ke nan babu kowa.

Siddiq ya jingina goshinsa da ƙarfen motar, daidai ƙafafunka, ya daɗe a haka. Can sai muka ji muryarsa, ba da ƙarfi ba. Ya ce, "Hafiza." Ta ce, "Présent," tana kuka. Sannan ya ce, "Yaya Muktar."

Muktar bai amsa da Faransanci ba. Ya ce, "Ga ni." Ya cire takalmansa, ya naɗe hannun riga, ya taka cikin laka ya ɗora tafukansa a kan tsatsar nan ta hagu. Suka tura su uku. Taya ta fita, motar ta ɗauki gudu zuwa ƙofa, Alhasan ya saki kuloci, ta yi tarinta ta kama. Hafiza ta tsaya a bakin ƙofa inda mata ke tsayawa, ni na riƙe ta. Wa da ƙane suka haye baya suka zauna, kai kana tsakaninsu. Muka tsaya muna bin ƙarar injin da kunne har ta sha kwanar Koudoukou. An ce mini ko a masallaci Alhasan bai kashe ta ba, ana yi maka salla tana ta gunaguninta a waje.

Hannu shida ka roƙa, bawana, kuma an ba ka. Kana kwance a kan motar aka ba ka, fuskarka a rufe. Na so a ce idonka ya gani, amma Allah ya fi mu sanin lokacin kowane abu.

Washegari na idar da sallar Asuba na zauna, na riga na gaya wa kaina cewa daga yau katangar nan shiru za ta yi. Sai na ji takun ƙafafu a laka, na ji nishin maza biyu, ɗaya na ce wa ɗaya da Sango ya daina turawa a karkace. Inji ya yi tari ya kama. Bayan ɗan lokaci motar ta dawo, sai ga hannu ya miƙo burodi ta saman katanga, hannun riga da sauran jar laka. Muryar Muktar ce ta ce, "Gwaggo, ga harajin." Na karɓa yana da zafi, na kasa ci.

Ban sani ba ko zai zauna. Iyalinsa na Kamaru, kuma ba wanda zai ce masa ya manta abin da ya gani. Abin da na sani shi ne tun ranar a gidanka yake kwana, kuma jiya da Alhasan ya ɗauko demarer daga akwati ya tambaye su ko a mayar, su biyun suka ce a bar shi inda ka ajiye.

Allah ya jiƙanka, Abdulmutallib. Allah ya gafarta maka, ya yafe kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya yalwata maka shi. Yadda ka ɗauki bayin Allah zuwa makwancinsu a hankali ba tare da ka girgiza su ba, Allah ya sa mala'ikun rahama su karɓe ka da sauƙi. Ya sa duk safiyar da ka tashi don wani ta zama nauyi a mizaninka, ya haɗa ka da gwaggo da Malam Audi da dukkan magabatanmu a Aljannar Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hureira, wadda ke zaman takaba. Allah ya ba ki haƙuri, ya saka miki da alheri a kan zaman da kika yi da shi da kuma kalmar da kika faɗa ranar Talata. Muktar, Siddiq, Hafiza, Allah ya ba ku haƙurin rashin uba, ya riƙe hannayenku wuri ɗaya, ya raya muku zuriya. Ina yi wa Malam Alhasan ta'aziyya, da tsofaffin abokan aikinsa na bariki, da jama'ar Kokoro da Yakité da duk Kilomita Biyar, domin da wuya a sami gidan da Yeke-Yeke ba ta taɓa tsayawa a ƙofarsa ba.

Ni kuwa, tunda ba ka nema ba kana raye, yau na 'yanta ka, bawana. Ka je, na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini gorin. Idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani, ya sa kuma a sami masu tura motar. Amin.